Dutse na iyali, bango na coci: dokar allunan mamata a Ingila

Duk wanda ya shiga tsohuwar coci a Ingila zai tarar da bango cike da allunan marmara. Wani wurin har da gunkin maigida da matarsa kwance bisa kabari, 'ya'yansu a jere sun durƙusa, ga tambarin gidansu a sama. Masu hannu da shuni ne suka kafa su, don a ci gaba da sanin ko su wane ne bayan rai ya yi halinsa.

To, na wane ne dutsen? Ba na coci ba ne. A dokar Cocin Ingila, wanda ya kafa shi, shi ne mai shi muddin yana raye. In ya rasu, sai ya koma ga magadan mamacin da aka yi dominsa, ko da an shekara 300. Sai dai mallakar ba ta ba su ikon zuwa su ɗauke shi ba. Kafawa ko cirewa, sai da takardar izini daga kotun coci ta yankin, wadda lauya ke alƙalanci a cikinta, ba limami ba. Sabon allo a cikin coci kuwa ba kasafai ake yarda da shi ba, sai mamacin ya yi fice na gaske.

Shari'ar Tobias Rustat ta nuna ƙarfin wannan doka. Bafaden Sarki Charles na biyu ne, ya rasu a 1694, kuma tun yana raye ya sa aka sassaƙa masa allonsa. Ya yi wa Kwalejin Jesus ta Kambirij kyauta mai tsoka, amma ya zuba jari a kamfanin Royal African, mai jigilar bayi daga Afirka ta Yamma. Kwalejin ta nemi a cire allon daga ɗakin ibadarta, domin wasu ɗalibai ba sa iya ibada a ƙarƙashinsa. A watan Maris na 2022 kotu ta ƙi. Ta ce cirewar za ta yi wa ginin tarihi illa, kuma an zuzuta yawan dukiyar da ya samu daga cinikin bayi.

Wannan hukunci ya daɗe yana damuna. An auna illar da bango zai samu dalla-dalla, amma ciwon zuciyar ɗalibin da aka sayar da kakanninsa bai samu irin wannan nauyi a sikeli ba. Kwalejin ba ta ɗaukaka ƙara ba.