Ka Sayo Mota Ta Hannu Daga Wata Jiha: Yaya Za Ta Koma Sunanka?

Na sayo mota mai lambar Legas, ni kuma a Arewa nake zaune. Dole ne in canza lambar?

Lambar da kowace jiha ta bayar tana aiki a ko'ina cikin Najeriya, don haka ganin lambar Legas a titin Kano ko Sakkwato ba laifi ba ne. Abin da ya zama dole shi ne canza sunan mai mota a rajista. Hanya biyu ce. Ko dai a yi canjin mallaka a ofishin lasisin motoci na jihar da ta ba da lambar, ko kuma ka kai takardun ofishin lasisi na jiharka, wanda galibi yana ƙarƙashin hukumar tattara kuɗin shiga, a yi maka sabuwar rajista da sabuwar lamba. Ni dai ta biyun nake ba mutane shawara, domin duk ranar da wata matsala ta taso, fayil ɗinka yana kusa da kai, ba sai ka yi tafiyar kwana guda ba.

Waɗanne takardu zan karɓa a hannun mai sayarwa?

A nan ne mafi yawan mutane suke yin sake. Mutum zai ɗauki makanike, a duba inji, a duba giya, a leƙa ƙarƙashi, a yini ana ciniki, amma takardu sai a miƙo masa su a leda ya jefa cikin aljihun mota bai ko buɗe ba. To ka buɗe, kuma tun kafin ka biya. Ka nemi takardar shaidar mallaka, da takardar da aka ba da lambar motar da ita, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta VIO (jami'an duba lafiyar motoci), da inshora, da takardun kwastam. Dukansu na asali, ba hoton kwafi ba.

Sannan ku rubuta yarjejeniyar ciniki: sunan mai sayarwa da naka, irin motar, launinta, lambar shasi, lambar inji, kuɗin da aka biya, kwanan wata, sa hannun shaidu. Ka karɓi kwafin katin shaidarsa. Idan sunan da ke kan takardun ba na wanda yake sayar maka ba ne, ka tsaya. Sau da yawa mota ta bi hannu uku ko huɗu ba wanda ya canza suna, kowa yana cewa ai haka na saya. Sai a kawo rasit na kowane ciniki har a dangana da mai sunan, ko a nemo shi ya sa hannu. Dillali zai ce maka ba komai, Alhaji, motar lafiya lau. Shi la'adarsa zai karɓa ya tafi, kai za a tare a hanya.

Mene ne lambar shasi, kuma a ina zan gan ta?

Ita ce ainihin sunan motar, haruffa da alƙaluma 17 a motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau. Ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a buge take a jikin ƙarfen motar. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta kan kowace takarda. Babu harafin I, O ko Q a cikinta. In ka ga alamar an goge wurin, ko walda, ko sabon fenti a daidai nan kaɗai, ka bar motar komai arharta.

Ta yaya zan san ba ta sata ba ce?

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana da shafin intanet da ake sa lambar mota a ga irin motar da aka yi wa rajista da ita. In ka sa lambar Corolla ta fito da sunan wata mota daban, ka samu amsa. Bayan haka ka je wurin 'yan sanda a duba ko an taɓa kai rahoton motar. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ko ka tabbatar da cewa ba ka sani ba, motar za ta koma ga mai ita, kuɗinka kuma sai ka bi wanda ya sayar maka.

Motar ta daɗe tana yawo a ƙasar nan, me ya haɗa ni da kwastam?

Daɗewa ba ta wanke motar da ba a biya mata kuɗin fito ba. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin da ake kawowa daga Kwatano ba su daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba, wasu da takardun jabu. Jami'an kwastam suna da ikon tsare irin wannan mota a kan hanya ko da tana da lamba. Ka kai takardun ofishin kwastam su tantance maka.

Inshorar tsohon mai motar za ta yi mini aiki?

Ka yi sabuwa da sunanka. Mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta shi ne inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Daga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wanda ya ce zai yi maka a ƙasa da haka, ka duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID, domin ta jabu ba ta fitowa a can.

A ofishin lasisi me zan tarar?

Za ka je da duk takardun nan, da takardar rantsuwa daga kotu kan canjin mallaka, da katin shaidarka da hotuna. Jami'an VIO za su duba motar da idonsu, don haka ka tafi da ita. Ka biya kuɗi ta banki ko hanyar da ofishin ya tanada, ka karɓi rasit na gwamnati. Masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa kawo in yi maka da sauri, ta hannunsu lambobin bogi suke fitowa. Idan an ba ka sabuwar lamba, ka koma shafin FRSC ka sa ta, ka tabbatar motarka ce ta fito.