Wheal Coates: Kufan Mahaƙar Kuza a Gaɓar Tekun Cornwall

Wheal Coates tsohuwar mahaƙar kuza ce da ke kan gangaren dutse a gaɓar Tekun Atilantika, kusa da garin St Agnes a yankin Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. Aiki ya daɗe da tsayawa a wurin, amma kangayenta na tsaye a saman bakin ruwan Chapel Porth, inda iyalai ke zuwa hutun bazara da wanka. Ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi a Birtaniya, ce ke kula da wurin a yau.

An buɗe mahaƙar a shekarar 1802, aka rufe ta a 1889. An sake gwada sa'a a 1911, sai dai abin bai kai ko'ina ba, cikin 'yan shekaru aka watse. Ko a lokacin da take tashe ba ta cikin manyan mahaƙun Cornwall, domin ma'aikatanta ba su wuce kimanin 140 ba. Abin da ya karya ta shi ne abin da ya karya maƙwabtanta: kuza mai araha da ta cika kasuwa daga Malaya (wani ɓangare na Malesiya ta yau) da Ostareliya. Can kuwa wanke ta ake yi daga yashi, ba sai an fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa ba. Daga baya kamfanonin Turawan Ingila suka buɗe filayen kuza a tsaunukan Jos, inda su ma suka bar kududdufai da tarin ƙasa bayan sun tafi.

Ginin da ya fi shahara shi ne ɗakin injin Towanroath, wanda aka gina a 1872. Injin tururi ne ke cikinsa, aikinsa zuƙe ruwa daga wani rami mai zurfin kusan mita 180, don hanyoyin haƙar sun gangara har ƙasa da matakin teku, ruwa kuma ba ya daina tsattsafowa. Wani ƙaton ƙarfe mai sama da ƙasa ne ke jan famfon, kuma a kan bango guda yake zaune, shi ya sa aka yi wa bangon kauri na ban mamaki. Wannan kaurin ne dalilin da ginin ya kai yau. An kwashe injin, rufin ya tafi, iskar teku ta cinye katako, amma dutsen da bututun hayaƙin sun ƙi faɗuwa. A sama kaɗan akwai kangayen ɗakin injin daka duwatsu da na jawo kaya daga rami, da kuma matoyar da ake gasa ma'adinin don fitar da gubar arsenik.

Ga yawancin masu zuwa hutu, abin da ke zama a rai shi ne hawan siririyar hanya daga bakin ruwa, da leƙa ramin ta cikin ragar ƙarfen da aka rufe bakinsa da ita. Idan teku ta ja baya, ana iya takawa ta yashi zuwa wani kogo da ke ƙasan ginin, wanda ya haɗu da tsofaffin hanyoyin haƙar, ko da yake ruwan kan dawo da sauri ya tare wa mutum hanya. Hotunan kalanda da katunan gaisuwa sun mai da wurin abin ƙawa, har ana mantawa da cewa maza sun sauka ramin da hasken kyandir, ƙurar dutse ta lalata huhun da yawa daga cikinsu, mata da yara kuma suna sama suna fasa duwatsu da guduma. Da mahaƙu suka mutu, dubban mutanen Cornwall suka yi ƙaura zuwa Ostareliya da Amurka da Meziko da Afirka ta Kudu.

A 2006 hukumar UNESCO ta sanya filayen ma'adinan Cornwall da na yammacin maƙwabciyarta Devon cikin wuraren tarihi na duniya, har da yankin St Agnes. Mahaƙar kuza ta ƙarshe a Cornwall, wato South Crofty, ta rufe a 1998.