Babban allon kwamfuta mai araha da iyakar RAM

Babban allon kwamfuta, wanda masu gyara a Katsina kan kira bod a taƙaice, shi ne faffaɗan allon da ake dasa farosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta abin da kwamfuta ke aiki a kai) da katin hoto a kansa. Mai araha a cikinsu shi ne wanda aka gina kan ƙaramin cifset, wato cif ɗin da ke haɗa kayan da ke kan bod da farosesa, kamar H61, H81, H110 da H610 na Intel, ko A320 da A520 na AMD. Akasarinsu ƙaramar ƙirar bod ce da ake kira microATX, masu ramin RAM biyu kacal. Da su ake haɗa yawancin kwamfutocin gidajen gem da na ɗalibai, domin abin da aka rage a kuɗin bod sai a ƙara shi a katin hoto.

Tarihi

Tun farko kwamfutar tebur da iyakarta ta zo. IBM PC ta 1981 tana aiki da farosesar Intel 8088 mai layin adireshi 20, wato ba ta iya ganin abin da ya wuce megabait 1, a ciki kuma kilobait 640 ne rabon manhajoji. Farosesar 386 ta 1985 ta kawo tsarin bit 32, iyaka ta koma gigabait 4, adadin da a lokacin ba wanda ya yi zaton za a cike shi. Wajen tsakiyar shekarun 2000 masu gem suka fara cin karo da shi. Windows mai bit 32 ba ta ma bayar da gigabait 4 ɗin cif, kusan 3 zuwa 3.5 take nunawa, saboda katin hoto da sauran kayan da ke kan bod suna cinye wani ɓangare na adireshin.

Intel ce ta fitar da ma'aunin girman bod na ATX a 1995, mai milimita 305 da 244, sannan microATX a 1997, wanda bai wuce 244 ta kowane ɓangare ba.

Babban sauyi ya zo a 2003, lokacin da AMD ta fitar da Athlon 64. Farosesar ta zo da tsarin bit 64, kuma sashen da ke sarrafa RAM, wanda a da yake cikin wani cif a kan bod, ya koma cikinta. Intel ta bi sahu a 2008 da Core i7 na farko. Daga nan bod ya daina yanke hukunci shi kaɗai.

Abin da ke ƙayyade RAM

Abu uku ne: farosesa, bod da BIOS ɗinsa, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, sai Windows ɗin da aka ɗora. Wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ake bi. Windows 7 Home Basic mai bit 64 tana tsayawa a gigabait 8, Home Premium a 16, Windows 10 Home kuwa har 128.

Ta ɓangaren bod, H61 na 2011 da H81 na 2013 suna ɗaukar RAM nau'in DDR3 har gigabait 16, wato silin RAM biyu masu 8. H110 na 2015 yakan kai 32 a DDR4, H610 mai DDR4 kuma 64. Waɗannan cifset ɗin sili ɗaya suke yarda da shi a kowace hanya cikin hanyoyi biyu da RAM ke bi zuwa farosesa, shi ya sa ramin biyu ne. Wanda ke son rami huɗu sai ya hau zuwa irin B450 ko B550, ko da yake su ma akwai masu biyu.

Tsofaffin bod na G41 suna da wata matsala da ke wahalar da masu gyara. Silin DDR3 na gigabait 4 mai cif 8 a gefe ɗaya sau da yawa ba ya tashi a kansu, mai cif 16 a gefe biyu kuwa ya tashi lafiya. Silin ba lalatacce ba ne, cifset ɗin ne bai san cif masu girma haka ba.

Zuriyoyin RAM ba sa shiga ramin juna. DDR3 ƙafa 240 ne da bolt 1.5, DDR4 ƙafa 288 da bolt 1.2, DDR5 shi ma 288 da bolt 1.1, amma tsagar da ke ƙasan silin ba wuri ɗaya take ba. Idan sili ya ƙi zama, a duba tsagar, kada a danna da ƙarfi, don ramin da ya karye ba ya gyaruwa cikin sauƙi. RAM mai rajista na saba, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai, wanda ake yawan samu da araha a kayan gwanjo, ba ya aiki a kan waɗannan bod ɗin.

Sili biyu ko ɗaya

Nan ne aka fi yin asara. Silin DDR4-3200 ɗaya yana wuce da gigabait 25.6 a daƙiƙa, biyu a tare kuma 51.2. Ga farosesa mai sashen hoto a cikinta, kamar Ryzen 3 3200G ko Ryzen 5 5600G, RAM ɗin nan shi ne ƙwaƙwalwar hoton ma, don haka sili biyu masu 8 sun fi ɗaya mai 16 nesa ba kusa ba. A bod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga farosesa ake cikawa, su ne A2 da B2 a takardar bod. Sai a shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, in ba haka ba silin da aka saya a matsayin 3200 na iya tsayawa a 2133 ko 2400. Idan aka haɗa mai sauri da marar sauri, dukansu a gudun marar saurin za su tafi.

Gem ɗin GTA V ta kwamfuta, ta 2015, tana tashi da gigabait 4, an fi so a ba ta 8. Ga sababbin wasanni 16 ne madaidaici, abin da ya haura haka kuma ba kasafai yake ƙara saurin wasa ba.

A kasuwar Katsina

Yawancin kayan daga Kano ko Computer Village ta Ikeja suke shigowa, da dama na hannu ne. Kwamfutocin ofis na HP da Dell suna da arha, amma da yawansu suna da mahaɗin wuta na musamman, irin mai ƙafa 8 na OptiPlex 9020, a maimakon mai ƙafa 24 da aka saba. Fawa fak ɗinsu, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ƙarami ne, kati irin GTX 1050 Ti da ke shan wat 75 daga rami ne ya dace da su.

Ƙurar hunturu ce kan sa kwamfuta ta kunna, fanka na juyawa, amma hoto bai fito ba. A cire wuta, a zare silin, a goge ƙafafunsa masu ruwan zinare da robar goge fensir, a hure ramin da bulowa, a mayar har maƙallan su kama da kansu. In agogo na komawa baya ko saitin XMP na ɓacewa, batirin CR2032 mai bolt 3 ne ya mutu. A zafin bazara, sashen rage wuta da ke gefen farosesa, wanda a bod mai araha ba shi da ƙarfen sanyaya, yakan ɗau zafi har farosesa ta rage gudu, sai a ɗaura fanka ta riƙa hura masa. Wutar KEDCO da ta janareta kuwa suna buƙatar UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batiri idan aka ɗauke, musamman lokacin sabunta BIOS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya kashe bod.

Saɓani

Bod ɗin X79 da X99 da ake haɗawa a Sin da tsofaffin cifset suna karɓar farosesar Xeon ta Intel da RAM na saba. Wasu na yaba arharsu, wasu na kokawa da BIOS ɗinsu da rashin garanti. Windows 11 ba ta amince da tsofaffin farosesoshin da ke kansu ba, haka ma na H61 da H81, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025.