Sunan tsohon aboki amana ce

Aikina bin sawun masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki ne. Idan ranar karɓar magani ta wuce mutum bai zo ba, ni ke buga masa waya. Akwai wani saurayi da ya shekara biyu bai taɓa saɓa rana ba, kwatsam sai ya ɓace. Da ƙyar na samo shi bayan wata huɗu a wani gari, ya rame har sai da ya yi magana na shaida shi. Magana ce ta kore shi daga gida. Wani tsohon abokinsa da suka yi harkar neman maza tare a da ya tuba ya yi aure, ran nan a majalisa yana ba da labarin rayuwar da ya ce Allah ya tsamo shi daga cikinta, sai ya shiga jero sunaye. Kafin isha maganar ta kai kunnen yayan saurayin.

Da kai nake, ɗan'uwa, kai da ka taɓa zama cikin maza masu neman maza, waɗanda a tsakaninsu suke ce wa juna masu harka. Ko ka bari, ko ka yi aure, ko ka sauya gari, ko kun ɓata da wanda kuka shaƙu a da. Ni ba malami ba ne, ba kuma alƙali ba. Ma'aikacin lafiya ne, kuma ni nake ganin abin da ke biyo baya idan suna ya fita.

Labarin rayuwarka naka ne. Ka ga dama ka faɗa wa malaminka, ka ga dama ka binne shi. Amma ba kai kaɗai ne a cikinsa ba. Wanda ka kwana a ɗakinsa, wanda ya ranta maka kuɗin mota, wanda ya raka ka asibiti ranar da ka kasa zuwa kai ɗaya, kowannensu ya buɗe maka ciki ne don ya amince da kai. Barinka harka bai warware wannan amana ba.

Ka tuna ƙasar da muke ciki. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren, shekara 10 ga mai shiga ƙungiyar masu neman jinsi ko mai tallafa mata. A jihohi 12 na Arewa masu dokar shari'a, hukuncin luwaɗi yana iya kaiwa ga jefewa. Amma sau da yawa ba a ma jiran kotu. A wannan watan ne jama'a suka yi wa kotun shari'a ruwan duwatsu a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, a watan da ya biyo baya kuma gungun mutane suka bi gida-gida a Gishiri da ke Abuja suna jawo maza suna duka. Ga kuma masu cin kasuwa da asirin mutane, abin da ake kira kito: su samu suna ɗaya ko hoto ɗaya, su yi ta tatsar mutum kuɗi har ya sayar da abin sana'arsa. Sunan da ka ambata cikin raha a wurin mai shayi yana iya ƙarewa a hannun irin waɗannan. Magana zarar bunu ce.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne asibiti. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015, ya nuna cewa masu tsoron zuwa neman magani cikin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan zuwan dokar. Alhali su ne suka fi buƙatar zuwa. Binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a jikin kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49, amma wani bincike daban ya nuna a cikin maza masu neman maza abin ya kusa mutum ɗaya cikin huɗu. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana. Mai shan ta ba fashi, ƙwayar cutar takan kwanta a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, kuma a wannan halin ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. In ya daina, cikin 'yan makonni cutar za ta sake tasowa, wani lokaci ta dawo ta fi ƙarfin maganin da ya saba sha. Wanda aka tona wa asiri kuwa, abu na farko da yake bari shi ne layin karɓar magani, don yana ganin kowane ido a kansa yake. Da yawa daga cikinsu magidanta ne. To ka ga harshenka ya isa har ɗakin wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, ya isa ga jaririn da take goyo.

Na sha jin mai cewa, ai tuba ce ta sa na faɗa. Tuba tsakaninka da Ubangijinka take, ban taɓa jin inda aka sa jero sunayen wasu cikin sharuɗɗanta ba. Abin da muka taso muna ji a makarantar allo da ta zaure shi ne wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira, kuma a Suratul Hujurat an hana bin diddigin asirin mutane, an kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Wani kuma ba tuba ba ce, haushi ne: an rabu baram-baram, ko an cinye masa kuɗi. Na san da zafi. Kuɗi dai ana biya, wanda aka kora daga gidan ubansa kuwa sai ya shekara goma bai taka unguwar ba.

Akwai wuri ɗaya da ambaton tsohon aboki yake da amfani. Idan aka gwada ka aka sami cutar, ko ciwon sanyi, waɗanda kuka kwanta da su suna da haƙƙin su sani don su ma su yi gwaji. Amma ba ta bakin abokai ko saƙon da za a iya turawa gaba ba. Ka zo ka same mu a keɓe. Muna iya kiran mutum mu gayyace shi gwaji ba tare da ya san wanda ya ba da lambarsa ba, ko mu ba ka abin gwajin da mutum ke yi da kansa a ɗaki ka kai masa. Ba dole a ciki, in ka ce a'a maganinka na nan. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, kuma ta hau kanmu mu ma'aikata kafin kowa. Abokan aikina, hirar majinyaci a ɗakin hutu ita ma tonon silili ce, ko da ba a kama suna ba, don unguwa da sana'a kaɗai sun isa a gane mutum.

Sai waya. Tsofaffin hotuna, saƙonnin WhatsApp, sunayen da ka adana da laƙabi, duk asirin wasu ne kake yawo da shi a aljihu. Ka goge su kafin ka kai ta wurin mai gyara, kafin ka sayar, kafin ka miƙa wa ƙaninka ya yi kallo. Idan amarya ta matsa da tambayar wane ne wannan, "tsohon aboki ne" ya wadatar, kuma ba ka yi ƙarya ba.

Saurayin nan ya koma kan magani, jikinsa ya fara dawowa. A garin da ya gudu yake karɓa yanzu, mun mayar masa da katinsa can. Mahaifiyarsa tana kiransa a ɓoye, da wayar maƙwabciya.