Dayarin matan Amurka na ƙarni na 19

Dayarin matan Amurka na ƙarni na 19 littattafai ne da mata suka riƙa rubuta al'amuransu na yau da kullum a ciki. Akasarinsu ba don bugawa aka rubuta su ba, iyalai da ɗakunan adana tarihi ne suka ajiye su. Daga shekarun 1970 masana tarihi suka duƙufa a kansu, domin a ciki ake samun abin da takardun hukuma ba su damu da shi ba: haihuwa, jinya, wanki, rasuwar yara.

Martha Ballard, wata ungozoma a garin Hallowell na yankin Maine, ta fara nata a 1785, ba ta ajiye alƙalami ba sai 1812, shekarar rasuwarta. Ta karɓi haihuwa 816, tana rubuta gidan da ta je da ladan da aka ba ta.

Mafi taɓa zuciya su ne na matan da suka bi ayarin keken shanu zuwa Oregon da Kalifoniya, tafiyar sama da kilomita 3,000. A 1852, shekarar da kwalara ta yi ɓarna a hanya, Cecelia Adams ta riƙa ƙirga kaburburan da suka wuce, rana bayan rana. Amelia Stewart Knight ta baro Iowa a watan Afrilun 1853 tare da mijinta da 'ya'ya bakwai. Ta rubuta ƙura, da ƙetare koguna, da warin mushen shanu a bakin hanya, har da ranar da aka manta 'yarta a baya, wani ayarin ya taho da ita. Amma wata biyar cur ba ta ambaci cewa tana da juna biyu ba, sai a ƙarshen littafin mai karatu zai ji ta haifi na takwas kusa da Kogin Columbia. Kunyar zamanin ce, kuma wannan shirun ma shaida ne ga mai bincike.

Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865 ya haifar da nasa. Mary Chesnut, matar wani jigon 'yan awaren Kudu, ta rubuta rayuwar masu bayi daga cikin gida, har da yadda iyayengiji ke haihuwa da kuyanginsu. Ta sake gyara rubutun a shekarun 1880, aka buga shi a 1905, don haka ake karanta shi da lura. Charlotte Forten, baƙar fata daga Philadelphia wadda ba a haife ta cikin bauta ba, ta rubuta yadda ta koyar da 'yantattun bayi a tsibirin St. Helena na jihar South Carolina daga 1862.

Babban giɓin shi ne na kuyangin kansu. Dokokin jihohi da dama na Kudu sun haramta koya wa bawa karatu da rubutu, saboda haka labarinsu yakan zo ne ta alƙalamin uwargijiya.