Fonthill Abbey

Fonthill Abbey wani katafaren gida ne da aka taɓa ginawa a karkarar Wiltshire, kudu maso yammacin Ingila. Sunan yana nufin mazaunin masu ibada na Kirista, amma babu wani mai ibada da ya taɓa zama a cikinsa. Siffar tsoffin majami'u kawai aka aro.

Mai gidan shi ne William Beckford, wanda ya gaji dukiya mai tarin yawa daga mahaifinsa, tsohon magajin garin Landan. Tushen dukiyar gonakin rake ne a Jamaika, waɗanda bayi 'yan asalin Afirka ke nomawa. An fara ginin a 1796 bisa zanen mai tsara gine-gine James Wyatt, a kan tsarin gicciye, da hasumiya mai kusurwa takwas a tsakiya wadda tsayinta ya haura mita 80. A ƙarshen 1800 Beckford ya karɓi baƙuncin Admiral Nelson, fitaccen kwamandan sojan ruwan Birtaniya, a can, alhali aiki bai ko kusa kammaluwa ba.

Gaggawa ce ta kashe gidan. Beckford ba mai haƙuri ba ne: ya sa ɗaruruwan ma'aikata suna aiki dare da rana, aka yi ta amfani da katako da siminti inda ya kamata a sa dutse, harsashin kuma bai dace da nauyin da aka ɗora masa ba. Hasumiyar ta faɗi tun ana cikin gini, aka sake tayar da ita. Da ya tare, kusan shi kaɗai yake zaune da barorinsa, a cikin manyan zaurukan da ba sa ɗumamuwa lokacin sanyi, bayan doguwar katangar da ya kewaye filinsa da ita.

Farashin sukari ya faɗi, bashi ya yi masa katutu. A 1822 ya sayar da gidan ga John Farquhar, wanda ya yi arziki da harkar albarushi a Indiya, kan fam 330,000, shi kuma Beckford ya koma birnin Bath. Ranar 21 ga Disamba 1825 hasumiyar ta ruguje, ta danne wani ɓangare na gidan. Ba a sake gina ta ba, daga baya aka rushe mafi yawan sauran.

Abin da ya rage shi ne ƙarshen ɓangaren arewa, da ƙaramar hasumiyar da ake kira Lancaster. Wurin mallakar wasu ne, ba a buɗe yake ga jama'a kullum ba.