Musayyara mai sansano ƙarfe: yadda ake neman tarkacen jirgi daga sama

A Gadarif ta Sudan yanzu, idan ka ambaci musayyara, wato jirgi mara matuƙi, a majalisa sai ka ga mutane sun ɗaga kai sama. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, jirgi mara matuƙi ya zama abin fargaba a bakinmu. Shi ya sa ƙanena ya yi mamaki da ya ji cewa ana ɗaura wa irin wannan jirgi na'ura ya je neman tarkacen jirgin sama da ya faɗi. Ya yi shekaru yana neman zinariya a wajen Abu Hamad, don haka tambayarsa ta farko ita ce: "Yaya, wato jihaz ne aka yi wa fiffike?"

Ya yi kusa, amma bai kai ba. Jihazin masu zinariya, wato na'urar hannu da suke lalube ƙasa da ita, shi ke aika maganaɗisunsa cikin ƙasa, ƙarfen da ke binne ya mayar da amsa, mai riƙe da shi ya ji ƙara a kunne. Yana jin zinariya, yana jin tagulla da alminiyam, sai dai hannunsa gajere ne, dole faifan ya riƙa shafar ƙasa. Akan rataya irinsa a jikin musayyara, amma sai ta yi ta tafiya dab da ƙasa, abin da ba ya yiwuwa inda akwai ƙaya ko duwatsu. Wadda aka fi amfani da ita daban ce, sunanta magnetomita, wato ma'aunin maganaɗisu. Ita ba ta aika komai. Saurare kawai take yi.

Duniyar nan kanta ƙaton mayen ƙarfe ce, shi ya sa allurar kamfas da muke neman alƙibla da ita take juyawa arewa. Ƙarfin wannan maganaɗisu, a awon da ake kira nanotesla, yana tsakanin 25,000 da 65,000, gwargwadon inda mutum yake a doron ƙasa. Duk inda baƙin ƙarfe yake kwance, yakan ɗan karkatar da maganaɗisun da ke kewaye da shi, kamar yadda dutse a tsakiyar rafi yake karkatar da ruwa. Magnetomita mai kyau tana gane bambancin da bai kai nanotesla ɗaya ba. Wannan karkacewar ake farauta.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma shi ya sa na ga ya kamata in yi bayani. Gangar jikin jirgin sama galibi alminiyam ce, irin na tukwanen girkinmu, kuma mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam. Fiffike guda zai iya kwanciya a ƙarƙashin rairayi na'urar ta wuce ta kansa ba ta ce uffan ba. Abin da take ji shi ne sassan inji, ƙafafun sauka, wayoyin ƙarfe da kusoshi. Ba hoton jirgi take nunawa ba, lambobi take tarawa, kowace lamba da wurinta na GPS. Daga baya kwamfuta ta mayar da su taswira mai launi, inda ƙarfe yake ya fito tabo ja da shuɗi manne da juna.

Nisa ne babban abokin gabanta. Idan ka ninka tazarar da ke tsakanin na'ura da ƙarfe sau biyu, abin da za ta ji ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Idan sau uku ne, ɗaya cikin 27. Helikwafta ba ta iya wuni tana shawagi a mita biyar daga ƙasa ba tare da an sa rayuka cikin haɗari ba, musayyara kuwa tana iyawa. Sai dai injinanta ma suna da maganaɗisu, don haka akan sako na'urar a igiya ko sanda ta yi nesa da su. Akan kuma kafa wata magnetomitar a ƙasa, domin maganaɗisun duniya yana ɗan hawa da sauka a cikin yini saboda rana, sai an cire wannan kafin lissafi ya tsaya.

Tafiyar tata kamar ta tarakta ce a gonar dawa, layi bayan layi, ba a tsallake kunya. Mu ƙaddara fili mai kilomita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, layukan kuma mita biyar tsakani. Layi 200 ke nan, tafiyar kilomita 200. A gudun mita biyar cikin daƙiƙa, aikin ya haura awa 11, batir kuwa da ƙyar yake wuce rabin awa da kaya a jiki, balle a zafinmu, balle habub, wato guguwar ƙura, ta taso. Saboda haka ba da ita ake fara nema ba. Sai rada, da na'urar neman agaji ta jikin jirgi, da hoton tauraron ɗan'adam, da shaidar makiyaya sun taƙaita wurin, sannan a kawo ta ta tono abin da rairayi ko laka ta haɗiye.

Hamada ta iya ɓoyo. Jirgin yaƙin Amurka da ya ɓace a Libiya a 1943 sai a 1958 masu neman mai suka hango shi. Wani na Ingila da ya ɓace a yammacin Masar a 1942 ya shekara 70 kafin a ci karo da shi a 2012. Duka biyun dace aka yi. Mu ma nan ba baƙin labarin ba ne. Daga 1940, dubban jiragen yaƙi sun riƙa tashi daga Takoradi da ke Ghana ta yau, ta Kano da Maiduguri, su bi ta Janena da Fashir zuwa Kartum, kusan hanyar da kakanninmu suka tako da ƙafa suna nufin Makka. Duk wanda ya fito daga gidan da aka taɓa jiran wani matafiyi har aka gaji ya san nauyin rashin kabarin da za a nuna. Idan tabo ɗaya a taswira ya kai ga inji, injin ya kai ga inda mutane suke, aka yi musu sutura, ni a wurina aikin ya biya kuɗinsa.

Ƙasa ma takan ruɗe ta. Baƙaƙen duwatsun aman wuta na Jabal Marra da na hamadar Bayuda suna da nasu maganaɗisun, suna iya rufe amon ƙaramin ƙarfe. Tsohon garma, ganga, ko gawar mota duk tabo iri ɗaya suke bayarwa. Na'urar ba ta san jirgi ba, ƙarfe ta sani, sai mutum ya je da shebur ya tabbatar.

Ƙanena ya sake tambaya ko za ta nuna masa zinariya. Na ce a'a, mayen ƙarfe ba ya kama zinariya. Na kuma roƙe shi abu ɗaya. A Sudan ta yau, tabo ja a taswira ko ƙara a kunnen jihaz zai iya zama dana, wato harsashin igwa, da ba ta fashe ba, kuma da irin wannan magnetomitar ake neman su a ƙasashen da yaƙi ya ratsa. Na ce masa idan ya ga bakin ƙarfen da bai gane ba, ya sa alama daga nesa, ya janye yara, ya kira masu cire nakiya.